Na Ci Gasa, Wani Ya Hau Jirgi

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu Kristi, Ubangijinmu da Mai Cetonmu. Baba Fasto, dattawan ikkilisiya, iyayenmu na zumuntar mata, da ku matasa, salama a gare ku. Ku ce Amin!

Sunana Luka. Yaran da ke zaune can baya Baban Alheri kawai suka sani. Amma manyan cikinku sun san lokacin da ake ce mini Luka mai gudu. An daɗe ana roƙona in ba da wannan shaida ina kaucewa, domin duk sanda na fara ba da labarin, raina yakan ɓaci tun kafin in kai wurin godiya. Yau ma idan kuka ji muryata ta tashi, ku yi haƙuri da ni.

A ƙauyenmu, can cikin duwatsun Pankshin, ba wanda ya ɗauki gudu a bakin komai. Makaranta tana bayan dutse, rafi yana gindin dutse, gona kuma tana kan wani dutsen. Gudu muke yi don kada mu makara mu sha bulala. A wasannin makarantu da aka yi a Jos ne wani mutumin Kano, Koci Garba, ya ga na gama dogon gudu ina tsaye ina neman ruwa, sauran yara kuwa suna kwance a ciyawa. Ya bi ni har gida ya yi magana da babana. Ta hannunsa na zo garin nan na Kano. Wata masaƙa tana da ƙungiyar 'yan gudu a lokacin, suka ba ni aiki a sito, ina yi musu gudu.

Bayan na auri Hannatu, ga ta nan zaune, muka kama ɗaki ciki da falo a Gyaɗi-Gyaɗi, a gidan wani dattijon kirki, Alhaji Mamman. Ita tana koyarwa a wata firamare a Tarauni. Ni kuwa kafin a sallame sallar asuba na riga na ɗaure takalmi. In miƙe titin Zariya har Unguwa Uku, in kewaya ta baya, in faɗo titin Maiduguri, in ratsa Daurawa da Tarauni, in dawo gida in yi wanka in tafi aiki. Masu shayi duk sun san ni. Wani yakan ɗaga ludayi ya ce, "Ɗan Jos, yau kuma wa ya biyo ka?"

Na ci gasa, 'yan'uwa. Ba alfahari nake yi ba. Mita dubu goma na ci, gudun fanfalaki na ci. Na ci a Kaduna, na ci a Legas cikin zafin nan nasu mai danƙo. Akwai shekarun da idan aka jeru a layi aka gan ni, sauran sun san na biyu suke nema. Kofuna suka cika kan kabad har Hannatu ta rasa inda za ta ajiye kwanukanta.

Zancen bangaskiya kuwa, ina zuwa sujada idan ban gaji ba. Addu'ata ɗaya ce, a bakin layi nake yin ta: Ubangiji, ka ba ni ƙafa. A tunanina akwai yarjejeniya tsakanina da Allah. Ni in sha wuya, shi kuma ya saka mini.

Abu ɗaya ya rage mini a duniya. Ban taɓa sa rigar ƙasata na yi gudu a ƙasar waje ba. A zamanin soja an taɓa tara mu, har an gwada mana riguna, sai aka ce an fasa tafiyar. Ba wanda ya gaya mana dalili, ba kuma wanda ya isa ya tambaya. Shekaru suna tafiya, na haura talatin. Ɗan gudu ya san abin da wannan ke nufi.

Sai ga shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula. Kun tuna yadda garin nan ya kasance. Kowa yana cewa yanzu abubuwa za su gyaru. Alhaji Mamman ya sa rediyo a ƙofar gida yana ce mini, "Malam Luka, bana kai ma za ka ga canji." Na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

A shekarar aka kira gwajin fitar da waɗanda za su wakilci ƙasa a wata babbar gasa a waje. Muka tafi kudu ni da Sale, wani abokin atisayena ɗan Daurawa, wanda na girme shi sosai. Mutum ɗaya za a ɗauka a gudunmu. Na zo na ɗaya. Sale ya zo na biyu, kuma da na tsallake layi na waiwaya, bai ma shigo kwanar ƙarshe ba. Wani babba daga cikin masu shirya gasar ya kama hannuna ya ce, "Ka koma gida ka zauna da shiri. Kwanan nan za a kira ku sansani."

Kwanan nan! Wannan kalma ta kusa kashe ni.

Na dawo Kano na zauna da shiri. Mako ya wuce, wata ya wuce. Na hau acaɓa na je ofishin da ke kula da harkarmu. Suka ce ai an rushe tsohon shugabanci, sai an naɗa sabo. Na koma. An naɗa sabo, amma ba a rantsar da shi ba. Na koma. An rantsar da shi, amma ya tafi Abuja gaisuwa. Na sake komawa, aka ce an kafa kwamiti da zai duba aikin kwamitin da ya yi gwajin. Wani magatakarda da ya gaji da ganina ya ce, "Haba Luka, kai da ka iya dogon gudu, ka kasa dogon haƙuri? Mako mai zuwa ne." Suka yi dariya. Ni ma na yi, don ba ni da abin yi.

Bari in bayyana muku wani abu da waɗancan mutane ba su sani ba, ko ba su damu su sani ba. Jikin ɗan gudu kamar mangwaro yake. Akwai lokacin da yake nuna, kuma ba a ajiye shi a nune. Kana hawa da atisaye a hankali har ka kai ƙololuwa, ka yi gasarka, sannan ka sauka ka huta. Ni kuwa na kai ƙololuwa aka ce in tsaya a nan. Yaya zan huta alhali kullum ana ce mini mako mai zuwa?

Koci Garba ya ce, "Luka, ka rage. Ka ba jikin nan hutu."

Na ce, "Koci, idan na rage yau, gobe suka kira fa?"

Haka na ci gaba da atisaye ba hutu.

Damina ta sauka ina kan titi. Sai na fara jin wani ɗan zogi a ƙwaurin hagu, wuri ɗaya, kamar an sa yatsa an danna. Da farko idan jiki ya yi zafi yakan tafi. Daga baya ya daina tafiya. Wani mai kemis a bayan layinmu ya ce yana da allurar da 'yan ƙwallo ke yi, a daidai wurin ciwon ake soka ta. Ya yi mini. Washegari na yi gudu kamar ba ni da ƙashi a jiki. Da ta sake ni, na koma ya ƙara.

Hannatu ta ga wurin ya kumbura yana sheƙi. Ta ce, "Baban Alheri, wannan ƙafar asibiti take so."

Na ce, "Idan na je asibiti za su ce in kwanta. Idan na kwanta labari zai kai ofis. Ki bari in dawo daga tafiyar nan, ko wata shida suke so in kwanta musu."

Ta ce, "Tafiyar da ba ta da rana?"

Na daka mata tsawa. A gaban 'yarmu Alheri, tana 'yar ƙarama, har ta ɓuya a bayan labule.

Ranar da kiran ya zo, Koci Garba ne ya shigo da Vesparsa har cikin gida yana kiran sunana. Lokaci ya ƙure musu, don haka ba zancen dogon sansani. Sun turo mutum ya ga lafiyarmu, ni da Sale, a filin wasa, daga nan sai Legas, sai jirgi. Na sa doguwar safa na rufe ƙwaurin. Na biya ta wurin mai kemis.

Ban yi nisa ba. Ina cikin zagaye na ji wani abu ya ce ƙas a cikin ƙafar, ƙarar da ni kaɗai na ji. Na ƙara taku biyu ko uku, sai ga ni a ƙasa, bakina cike da jar ƙasar filin. Na yunƙura in tashi na kasa. Sale ya tsaya ya dawo kaina. Na ce masa ya wuce. Baƙon da aka turo ya zo ya ja safar ƙasa, ya duba, ya kalli Koci, ya girgiza kai. Ko sannu bai ce mini ba. Ya juya ya ce, "Ina na biyun?"

Watanni ina jiransu da lafiyata. Su ba su iya jirana ko na wuni ɗaya ba!

Kafin Sale ya tafi ya zo gida yi mini sallama. Ina kwance a ɗaki ina jin muryarsa a tsakar gida yana cewa, "Maman Alheri, ki ce wa Yaya Luka wallahi ban so haka ba." Na juya fuskata bango. Ya daɗe a tsaye, sannan na ji fitarsa.

Ko a lokacin ban yarda da asibiti ba. Aka kawo mai ɗori ya ja, ya ɗaure da karare. Ƙafar ta ƙara hawa. Zazzaɓi ya rufe ni, wurin allurar ya fashe yana fitar da ruwa mai wari. Ranar da na fara sambatu, Alhaji Mamman bai nemi shawarata ba. Ya sa aka ɗauke ni aka sa a bayan motarsa, ya ce, "Malam Luka, ka yi fushi da ni idan ka warke."

Likitan ƙashi ya duba hoto ya ce ƙashin ya daɗe da tsagewa ina gudu a kansa, kuma ƙwayar cuta ta bi hanyar allura ta shiga har cikin ɓargo. Suka yi aiki suka kankare wurin ciwon. Bai tsaya ba. Suka canza magani. Bai tsaya ba. Wata safiya likitan ya ja kujera ya zauna kusa da gadona, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce za su sake shiga sau ɗaya. Idan suka tarar ya ci gaba, dole su yanke daga ƙasan gwiwa, don su ceci raina.

Na ce, "Likita, ka san ko ni wane ne?"

Ya ce, "Na sani. Na taɓa tsayawa a bakin titi na tafa maka."

'Yan'uwa, ban san akwai ɗaci irin wannan a cikin mutum ba sai da na ɗanɗana nawa. Na tsani mutanen ofis. Na tsani mai kemis. Na tsani Sale. Na tsani rediyon da ke ɗakin marasa lafiya, wanda kullum yake ba da labarin an rantsar da wane, an naɗa wane. Fiye da kowa, na yi fushi da Allah. Iyayenmu na zumuntar mata sun zo da abinci za su yi mini addu'a, wasunsu suna nan suna jina. Na ce su ajiye addu'arsu su kai wa wanda take yi wa aiki. Mama Laraba, wadda ta riga mu gidan gaskiya, ta tattara kwanukanta ta tafi. Washegari ta sake dawowa da kunu.

Ana gobe za a shiga da ni aiki na biyu, da rana tsaka, Hannatu ta zo daga makaranta, allin allo har yanzu a hannunta. Ta rame. Ita ce makaranta, ita ce asibiti, ita ce Alheri. Ta zuba mini abinci na ture. Na ce mata idan aka yanke ƙafar nan ta kwashe kayanta ta koma gidansu, don ba zan zauna ana tausaya mini ba.

Ta ajiye cokalin. Ban taɓa ganin ta haka ba. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Baban Alheri, ni ba ƙafa na aura ba. Amma bari in gaya maka, na gaji. Tun da ka kwanta ni ke kai maganarka gaban Allah, kai kuma kana zaginsa a gaban bayinsa. Daga yau na daina zama 'yar aikenka. Idan kana da magana da shi, ga ka ga shi. Ka faɗa masa da bakinka."

Ta ɗauki jakarta ta fita baranda.

Na kwanta ina huci. Na ce to, shi ke nan, zan faɗa masa. Ba durƙusawa, ba rufe ido. Da yarenmu na fara, don kada na gadon kusa ya ji abin da nake cewa. Na ce, kai ka ba ni ƙafar nan, ban roƙe ka ba. Na ce, wace safiya ce na yi lalaci? Me na ci na wani? Na ci gwajin nan a gaban jama'a, ka gani da idonka. Me ya sa ka bar mutanen da ko tsallaka titi ba sa iya yi da gudu suka yi wasa da rayuwata? Me ya sa? Na yi ta faɗa, na yi ta faɗa, har maganar ta ƙare mini.

Da ta ƙare, sai na ji abin da ya rage a ƙasan zuciyata, wanda ban san yana nan ba. Na ji bakina yana cewa, "Yesu, na gaji. Tun ina yaro nake gudu. Ba zan iya kuma ba. Ka ɗauke ni."

Sai kuka. Ni da ban yi kuka a filin wasa ba, ban yi a gaban likita ba, na yi shi kamar yaron da aka yaye. Ban ji murya daga sama ba, ban ga haske ba, ba zan ƙara muku gishiri ba. Abin da na sani shi ne wani nauyi da ke danne mini ƙirji tun ranar da na faɗi ya ɗaga. Na numfasa har ƙasan ciki. Na ce, "Da ƙafa ko ba ƙafa, ni naka ne." Kuma da gaske nake.

Dattijon da ke gadon kusa da ni, wani Bafulatani da mota ta karya, ya miƙo mini butarsa ya ce, "Wanke fuskarka, ɗana. Matarka tana leƙowa."

Ta shigo. Na ce ta yafe mini. Ta ce in ci abinci tukuna.

Washegari aka shiga da ni. Da na farfaɗo, abin da na fara yi shi ne na ɗaga kai na dubi ƙarshen gado. Na ga tudu biyu a ƙarƙashin mayafi. Biyu! Halleluya! Likita ya ce da suka buɗe sun tarar cutar ba ta kai inda suke tsoro ba, sun kankare abin da ya mutu, sun bar sauran. Ya ce kada in yi murna da wuri. Amma daga ranar ruwan ya fara raguwa, zazzaɓin ya sauka bai sake dawowa ba. Ku ɗaukaka sunan Ubangiji!

Sai bayan kwanaki Hannatu ta gaya mini wani abu. An nemi jini kafin aikin, nata bai dace da nawa ba. Sale ya dawo daga tafiyarsa a makon, ya ji labari wurin Koci, ya zo ya ba da nasa, ya roƙe ta kada ta faɗa mini don kada in ƙi. Na aika aka kira shi. Ya shigo yana sunkuyar da kai kamar wanda ya yi sata. Bai ci komai a can ba, a tsakiya ya ƙare. Ya ce, "Yaya Luka, da kai ne da ka ba su wuya." Na ce, "Na sani." Muka yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta zo ta tsawata mana.

Yanzu ga gaskiyar da ta sa nake gudun ba da shaidar nan. Ban sake yin gasa ba. Har yau ban taɓa shiga jirgin sama ba. Daga ofishin nan ba wanda ya taɓa takowa ya ce mini sannu. Idan na ga ana nuna dogon gudu a talabijin, wani lokaci nakan kalla, wani lokaci nakan tashi in fita waje. Abin da aka yi mini ba daidai ba ne, kuma zama Kirista bai sa ya zama daidai ba. Amma ɗacin nan da ya so ya cinye ni, ya cinye gidana, Yesu ya cire shi. Idan ya leƙo, na san inda zan kai shi.

Na daɗe a kan sanduna. Ranar da na ajiye su, wata Asabar ce da hantsi. Hannatu ta tafi cefane kasuwar Tarauni, na ce a raina bari in je in tarye ta. Na fito daga Gyaɗi-Gyaɗi ina taku ɗaya-ɗaya, ina dafa bango inda akwai bango. Masu tura ruwa a kura suka wuce ni. Wata tsohuwa da ɗaurin itace a ka ta zo ta wuce ni, har ta waiwayo ta ce, "Sannu, bawan Allah, ka bi a hankali." Na ce, "Yauwa Inna, na gode." Kowa a titin nan ya riga ni. Ni kuwa duk taku ɗaya sai in ce na gode Yesu, in ɗaga ɗayar in ce na gode Yesu.

Na same ta a wurin masu tumatir tana ciniki. Ta juyo ta gan ni tsaye, ta duba hannuwana ba sanda, ta duba bayana ba acaɓa. Ta saki ledar, tumatir ya watse a ƙasa. Ta ce, "Da ƙafa ka zo?" Na ce, "Da ƙafa na zo."

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wataƙila kai ma ka yi naka, ka cancanta, an ce maka mako mai zuwa har ƙarfinka ya ƙare. Ba zan ce maka za a mayar maka da abin da aka ƙwace ba, don ni ba a mayar mini ba. Amma kada ka juya wa Ubangiji baya ka yi shiru. Ko faɗa ne a bakinka, kai masa shi, yana iya ɗauka. Ka dogara gare shi, ba zai bar ka a ƙasa ba.

Godiya da ɗaukaka su tabbata ga Yesu Kristi, wanda ya tashe ni. Amin!